Yawon gari idan jirgin ruwa ya tsaya: mu biya na kamfani ko mu yi namu?

Dan_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah waɗanda suka taɓa hawa manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle wlh. Ina zaune a Manchester da iyalina, mun daɗe muna tari dama saboda wannan tafiyar, to bana Allah ya nufa na biya mana na kwana 7 a Bahar Rum cikin watan Oktoba, ni da maiɗakina da Hajiyarmu da za ta zo daga Kano. A Basalona za mu hau, sai Marsai, sai Jenowa, sai wani gari Civitavecchia wanda suka rubuta wai shi ne tashar Rum, sai Palermo, sai Malta, mu yi wuni ɗaya a tsakiyar ruwa mu dawo Basalona. Biza duk ta fito alhamdulillah, ta Hajiya tun a gida ta nema.

To inda gizo ke saƙar shi ne, ni na ɗauka da na biya kuɗin ɗaki da abinci shikenan na gama, ashe da sauran rina a kaba. Jiya na shiga manhajar kamfanin sai na ga kowane gari da jerin yawon da suke kai mutane a bas da ɗan jagora, kuma kowanne da kuɗinsa daban. Na Rum kaɗai yuro 115 kowane mutum, mu uku kenan 345, ban sa abincin rana ba. Da na haɗa na garuruwan gaba ɗaya sai da ya haura yuro dubu, na ajiye wayar na yi tagumi.

Wani Bature da muke aiki tare ya ce min kar na kuskura na ba su ko sisi, wai sata ce da rana tsaka, in sauka kawai in hau jirgin ƙasa. Amma kuma madam ta nuna min bidiyon mutanen da ke gudu a bakin tasha suna ɗaga hannu jirgi ya riga ya ja, tun daga nan ta kafe ita ba inda za ta sai da motar kamfani. Ga Hajiya shekararta 68, gwiwa na damunta ga suga, ba ta doguwar tafiyar ƙafa. Ya kuke gani? Da gaske ne jirgin ba ya jira? Kuma in an bi na kamfani aka makara fa?

Bazazzagen_Torino:

Wa alaikumus salam Malam. Shekarata 11 a Italiya kuma sau biyu ina bin kusan wannan hanyar taka, don haka bari in faɗa maka yadda take. Baturenka da madam kowa na da gaskiya rabi-rabi, matsalar kawai sun yi wa garuruwan kuɗin goro, alhali ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Eh da gaske ne ba ya jira. Kullum za su rubuta lokacin da kowa zai kasance a ciki, yawanci rabin awa kafin tashi, in ka wuce shi kuma da ƙafarka ka fita to sai dai su kira sunanka a lasifika sau biyu uku su janye tsani, don akwai kuɗin tsayuwa a tasha da matuƙin tashar da aka ba lokaci da wani jirgin da ke jiran wurin. In kuwa motar kamfani ce ta makara da mutum arba'in a ciki to za su jira, in ma jiran bai yiwu ba su ne za su ɗauki nauyin kai ku gari na gaba. Wato rabin kuɗin da kake gani ba na bas ko ɗan jagora ba ne, na wannan alƙawarin ne. Sai ka tambayi kanka a wane gari nake buƙatar alƙawarin.

Jenowa ba ka buƙata, jirgi a cikin gari yake tsayawa, minti 15 zuwa 20 a ƙafa kana tsohuwar tasha inda babban gidan kallon kifaye yake, da Hajiya ku ɗau tasi kawai. Palermo ma haka, kana fitowa daga get kana cikin gari. Malta kuwa in ka biya wani kuɗi ka cuci kanka, jirgi na tsayawa a gindin Valletta babban birninsu, akwai lif da ake kira Barrakka yuro ɗaya ya ɗaga ku har lambun da ke sama, daga can kana kallon jirginka a ƙasa kamar a tafin hannu, ƙarfe 12 na rana suna harba igwa. Mutumin da ke hango jirginsa da ido ai ba ya makara.

Rum ita ce mai ƙura. Kar sunan da suka rubuta ya ruɗe ka, Civitavecchia ba Rum ba ce, tsakaninsu kusan kilomita 80, kamar daga Zariya ka ce za ka Kaduna ka dawo. Jirgin ƙasa na da arha sosai, 'yan yuro kaɗan ne, amma ga yadda ake yi: ka sauka daga jirgin ruwa ka jira bas ɗin tasha na kyauta ya fitar da kai, daga nan ka sake hawa wani bas ko ka taka kamar minti 20 zuwa tashar jirgin ƙasa, ka yanki tikiti, in na takarda ne ka tabbata ka zura shi a na'urar da ke buga masa lokaci kafin ka hau in ba haka ba tara za su ci ka ba ruwansu da kai baƙo ne, sannan ka yi wajen awa ɗaya zuwa tashar San Pietro kusa da Batikan ko awa ɗaya da minti 20 zuwa Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum. Kuma ranar da jirage uku huɗu suka tsaya tare, dubban mutane ne ke rububin jirgin ƙasa ɗaya, a tsaye za ka je Rum. Ni da nake saurayi ban damu ba. Hajiya fa?

Wani abu kuma da baƙi ba su sani ba, a Termini jiragen Civitavecchia can ƙarshen tasha suke tsayawa, layi na 25 zuwa 29, daga bakin ƙofa sai ka yi tafiyar kusan minti goma kafin ka kai. Na sha ganin mutane sun iso tasha saura minti biyar suna murna ashe sun riga sun rasa shi.

Sai babban dodon, yajin aiki. 'Yan Italiya akwai son yajin aiki, sciopero suke ce masa, kuma sun fi son ranar Juma'a. Doka ta tilasta su sanar aƙalla kwana 10 kafin ranar, don haka ana iya dubawa, kuma ko ana yajin akwai jiragen da dole su yi aiki daga 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na dare a ranakun aiki. To ka ga tarkon? Da safe ka samu jirgi ka shiga Rum lafiya lau, na dawowa sai 6 na yamma, kai kuma an ce 6:30 kowa ya kasance a ciki.

Maman_Ilham:

Ni dai Malam ina bayan matarka, ka saurare ta. Namu ba wannan hanyar ba ce, ta tsibiran Girka muka bi shekara biyu da suka wuce, kuma abin da ya same mu a Santorini har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Can jirgi ba ya matsowa bakin gaɓa, a tsakiyar ruwa yake tsayawa ana kwasar mutane a ƙananan jirage, garin kuma a kan dutse yake can sama, hanyar hawa uku ce kacal, ko 'yar motar nan mai tafiya a kan waya, ko jaki, ko matakala sama da 580. Abban Ilham ya ce ai mu 'yan boko ne mun iya karanta taswira me za mu yi da ɗan jagora. Hawa lafiya lau. Muka je Oia muka sha hotuna, muka dawo saura awa ɗaya da rabi ƙaramin jirgi na ƙarshe ya tashi, muna ganin mun yi sammako, sai muka tarar da layin motar wayar ya miƙe har ya sha kwana ya shiga lungu, don jirage huɗu ne a ruwa ranar kuma motar mutum talatin da 'yan kai take ɗauka a sawu ɗaya. Ƙarshenta matakala muka bi, duwatsun sulɓi gare su ga kashin jakuna ko'ina ga jakunan kansu suna bangazar mutane, ni ga doguwar riga ga Ilham a baya, wlh salati kawai nake, na isa ƙasa ƙafata na rawa kamar mazari. Mun samu dai amma mu ne kusan na ƙarshe. Yau a ce da tsohuwa muke fa?

Kuma ku masu koren fasfo irina ku riƙa tuna cewa mu da Turawan nan ba ɗaya ba ne. Bature in jirgi ya bar shi ya hau na sama ya tare shi a gaba, ya dawo yana ba da labari ana dariya. Mu kuwa garinmu na gaba Kusadasi ne a Turkiyya, wato ba ta cikin Shengen, rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, da an bar mu ba mu da tabbacin za a bar mu mu shiga jirgin sama zuwa can, ga kayanmu gaba ɗaya a ɗaki. Naka da sauƙi tunda Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk Shengen ne, amma duk da haka ka buɗe fasfon Hajiya ka duba bizar, shiga ɗaya aka ba ta ko mai yawa, don kamfanoni da dama mai yawa suke nema tun a wurin hawa, ka rubuta musu imel su ba ka amsa a rubuce ka buga ka riƙe.

Maganinta na suga kuma kar ya kwana a ɗaki ku fita, ku sa na kwana biyu a jaka kullum tare da fasfo. Takardar da suke ajiyewa a ɗaki kowane dare akwai lambar wakilinsu na tashar a jiki, ka ɗauke ta a hoto kafin ka sauka, shi ake kira in abu ya faru. Agogo ma ka gyara, garuruwan nan duk suna gaban Ingila da awa ɗaya, in ka bar na hannunka a lokacin Manchester zai ce maka 5:30 alhali 6:30 ta yi. In tafiyar ta haɗa da Lahadin ƙarshen Oktoba a daren ake mayar da agogo baya, ka bi abin da jirgi ya sanar kawai.

Kawu_Na_Jidda:

Hajiya Maman Ilham sannu da wahala, amma ki yi haƙuri, wannan ba laifin tafiya da kai ba ne laifin lissafi ne, wanda ya ga jirage huɗu a ruwa ai ya san layi zai yi tsawo. Ni na bi na kamfani sau ɗaya na rantse ban ƙara ba. A Kusadasin nan da kika ambata ne ma. Aka ce za a kai mu Afisa, tsohon birnin nan, tafiyar bai fi kilomita 20 ba. Muka yi rabin awa a bas muna jiran wasu da ba su gama karin kumallo ba, aka kai mu aka riƙa kora mu kamar awaki, matar na gaba da 'yar tuta tana surutu a kunne, ka tsaya ɗaukar hoto ta wuce. Na ce mata don Allah kogon da ake dangantawa da As'habul Kahfi yana nan kusa ko za mu leƙa, na san dai akwai wasu wuraren da su ma ake cewa nan ne, har da na kusa da Amman a Jodan, amma tunda mun zo gindinsa, ta ce ba ya cikin tsari. Me ke cikin tsari? Shagon darduma. Awa ɗaya cur aka zaunar da mu ana ba mu shayin tuffa ana shimfiɗa mana dardumar dala dubu uku, ni da na zo ganin tarihi. Azahar ma a tsaye a bayan bas na so in yi direba na ta danna ham.

Abin da nake yi yanzu, in wuri na da nisa sai in nemi direba mai lasisi da ƙaramar bas tun kafin tafiya, in samu wani iyali a jirgin mu raba kuɗin. Yana zuwa har gindin jirgi ya ɗauke ku, ya tsaya inda kuke so, tsohuwa ta gaji ta zauna a mota, kuma su sun fi ka tsoron makara don in suka sa fasinja ya rasa jirgi sau ɗaya aka rubuta a intanet kasuwarsu ta mutu. Ka nemi wanda sai an gama ake biya ko wanda zai mayar da kuɗi in jirgi bai tsaya ba, don wani lokaci iska kan hana shiga tasha a tsallake garin gaba ɗaya, na kamfani kai tsaye suke mayar maka, na waje kuwa sai yadda kuka yi da shi.

Dan_Damagaram13:

Salam. Ni a Marsai nake zaune. Nan tashar manyan jiragen tana da nisa da gari, wajen kilomita 8, kuma ba wurin takawa ba ne, duk manyan motoci da shinge. Amma ba sai ka biya yawon ba, ka biya bas ɗin da ke kai mutane gari kawai ko ku ɗau tasi tunda ku uku ne, ku sauka Vieux Port, tsohuwar tashar ruwa da ke tsakiyar gari. Daga nan akwai ɗan jirgin yawo mai tayoyi da ke hawa har cocin Notre-Dame de la Garde a kan dutse inda ake ganin gari duka da teku, Hajiya na zaune abinta. In kun sauko ku shiga unguwar Noailles ku ci abinci, halal ne ko ta ina, 'yan Aljeriya da Tunisiya da Komoros, har kuɓewa da barkono za ta gani a kasuwar ta ɗauka Sabon Gari take. Ku riƙe jaka da kyau dai. Ƙarfe uku ku kama hanyar komawa saboda cunkoson yamma.

Dan_Fagge:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na karanta wa madam duka har ta ce a gaida Maman Ilham. Na duba bizar Hajiya mai yawa ce alhamdulillah. Yanzu dai mun yanke Marsai da Jenowa da Palermo da Malta da kanmu za mu yi. Saura Rum, kuma da na duba kalanda ashe ranar Juma'a ce za mu tsaya can, jirgi zai iso 7 na safe ya tashi 7 na yamma. Hajiya da ta ji akwai babban masallaci a Rum ta ce ita duk duwatsun Turawan nan ba su dame ta ba a kai ta ta yi Juma'a, madam kuma Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawan da, take son gani. Malam Bazazzage ya za a haɗa biyun nan?

Bazazzagen_Torino:

Hhh Hajiya ta fi ku sanin abin da ta zo yi, Allah ya ƙara mata lafiya. Masallacin na nan a arewacin gari wajen unguwar Parioli, an buɗe shi 1995, Sarki Faisal na Saudiyya ne ya assasa maganar gina shi, kuma yana cikin mafi girma a Turai, ginshiƙansa kamar itatuwan dabino, ya cancanci a gani ko ba don Juma'a ba. Amma ba motar kamfanin da za ta kai ku can, wannan ka cire rai.

Hanya biyu nake gani. Ta farko ka sake duba jerin nasu da kyau, kusan kullum akwai wani mai arha a ƙasa wanda bas ne kawai ba ɗan jagora, ya sauke ku a tsakiyar Rum ya ce ku dawo nan ƙarfe kaza. Wannan na da alƙawarin jira ɗin nan, matuƙar kun dawo wurin bas a kan lokaci, in kun makara a wurin bas kuwa shi ma tafiyarsa zai yi. Daga inda ya sauke ku sai ku riƙa ɗaukar tasi, fararen nan masu mita, kar ku bi masu tare mutane a hanya. Ta biyu ita ce ta Kawu, direba na wuni guda, ta fi tsada in ku uku ne kawai amma ga gwiwar Hajiya ita ce daidai, in ka samu wasu ukun da za ku raba ma ba lallai ta kai 345 ɗin da suka ce maka ba. Jirgin ƙasa ranar Juma'a da tsohuwa, ni ban ba ka shawara ba.

Kolosiyam kuma tikitinsa da suna yake da lokacin shiga, suna duba fasfo a ƙofa, yuro 18 ne a shafinsu na ainihi, masu sayarwa a bakin titi ninki biyu uku za su caje ka. Ka yanka tun makonni kafin tafiya ka zaɓi wajen 10 na safe, kar ka zaɓi 9 don ba lallai ku iso ba. Akwai lif a ciki da ke hawa bene, ku tambaya saboda Hajiya. Ku fito 11:30 ku kama hanyar masallaci, ka kira su ko ka duba lokacin huɗuba a makon don yana sauyawa da lokacin shekara. Gidan tarihin Batikan ku haƙura da shi wannan karon, shi kaɗai wuni yake ci kuma tafiyar ƙafa ce zalla, in lokaci ya ragu direba ya bi da ku ta dandalin San Pietro ku yi hoto. Ƙarfe 4 ta same ku a kan hanyar komawa, ku haɗa la'asar da azahar tunda matafiya ne ku.

In kuma ƙaddara ta sa aka bar ku, Allah ya kiyaye, Palermo awa ɗaya ce a jirgin sama daga Fiumicino, filin jirgin saman Rum, akwai ma jirgin ƙasa na dare da ake lodawa cikin jirgin ruwa a mashigin Messina a tsallaka da shi tsibirin Sisili inda Palermo take, amma bana jin Hajiya za ta yafe maka wannan.

Maman_Ilham:

Ina amsawa, a gaida ta ita ma. Ka saya wa Hajiya takalmi mai taushi mai rufi tun a Manchester ta saba da shi, titunan Rum duk ƙananan baƙaƙen duwatsu ne, silifas ba zai yi ba. Kuma a Malta ka sa ta saurari yadda suke ƙirga, wihed, tnein, tlieta, za ta sha mamaki, Kiristoci ne amma Alla suke cewa.